Niels Ryberg Finsen

Niels Ryberg Finsen (15 ga Disamba, 1860 – 24 ga Satumba, 1904) likita ne kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, haifaffen tsibiran Faro, wanda kakanninsa na wajen uba mutanen Ayislan ne. Shi ake ɗauka a matsayin wanda ya kafa harsashin yin magani da haske a likitancin zamani. Ya yi suna ne wajen warkar da tarin fuka na fata, cutar da take cin fuska har ta lalata hanci da leɓe da kumatu, ta hanyar tattara haske mai ƙarfi a kan wurin da ya kamu. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1903, ya zama ɗan Denmak na farko da ya same ta. Kusan duk aikinsa ya yi shi ne yana fama da ciwon zuciya, kuma ya rasu yana da shekara 43. Dabarun da ya fito da su, wato zaɓar nau'in hasken da ake bukata, tattara shi a ɗan ƙaramin wuri da kuma kare fata daga ƙuna, su ne har yau ake bi a aikin gyaran fatar fuska da na'urar leza.

Farkon rayuwa

An haifi Finsen a garin Tórshavn, babban garin tsibiran Faro. Waɗannan tsibirai suna cikin tekun Atlantika ta arewa, tsakanin Ayislan da Nowe, kuma suna ƙarƙashin masarautar Denmak. Wuri ne mai hazo da ruwan sama, inda a lokacin hunturu rana ba ta wuce 'yan sa'o'i kaɗan a sama. Mahaifinsa, Hannes Finsen, babban jami'in gwamnati ne, daga baya ya zama gwamnan tsibiran. Mahaifiyarsa, Johanne Formann, 'yar Denmak ce, ta rasu tun yana ƙaramin yaro.

Ya fara karatu a Tórshavn. A 1874 aka tura shi makarantar kwana ta Herlufsholm a Denmak, amma bai ji daɗin zama a can ba, kuma rahoton makarantar ya kwatanta shi a matsayin yaro mai kirki wanda ba shi da hazaƙa ko kuzari. A 1876 mahaifinsa ya mayar da shi makarantar da shi kansa ya yi a Reykjavík, babban birnin Ayislan. A can ya kammala a 1882, ba tare da ya shiga sahun na gaba a ajinsu ba.

Karatun likita da rashin lafiya

A 1882 Finsen ya shiga Jami'ar Kwapanhagan domin karatun likita, ya samu digirinsa a 1890. Daga nan jami'ar ta ɗauke shi aikin koyar da ilimin sassan jikin ɗan Adam, inda yake feɗe gawa yana nuna wa ɗalibai. Ya riƙe wannan aiki har 1893, sannan ya ajiye shi domin ya samu lokacin bincike.

Tun yana ɗalibi alamun ciwo suka fara bayyana a jikinsa. Cutar, wadda aka danganta da abin da likitoci ke kira cutar Pick, tana sa tantanin da ya lulluɓe zuciya da hanta da saifa ya yi ta kauri sannu a hankali, har zuciya ta kasa aikinta yadda ya kamata. Ya yi fama da kasala da ƙarancin jini, ruwa kuma yakan taru a cikinsa sai an zuƙe. Ɗakin da yake zaune yana fuskantar arewa, rana ba ta shiga, kuma ya lura cewa duk lokacin da ya fita ya sha rana yakan ji ƙarfin jikinsa. Daga wannan lura ne sha'awarsa ta sanin abin da haske yake yi wa jiki ta samo asali. Ana kuma ba da labarin cewa yakan tsaya a taga yana kallon wata kyanwa a kan rufin gida, wadda take matsawa duk lokacin da inuwa ta cim mata, tana bin rana.

A ranar 29 ga Disamba, 1892 ya auri Ingeborg Balslev, 'yar bishop ɗin garin Ribe. Sun haifi 'ya'ya huɗu, na farin ya rasu jim kaɗan bayan haihuwa. Ingeborg ta taimaka masa a gwaje-gwajensa, ita ce kuma ta yi jinyarsa har ƙarshen ransa.

Binciken haske da fata

Hasken rana ya ƙunshi launukan da ake gani a bakan gizo, daga ja zuwa shunayya. Bayan ja akwai haskoki da ido ba ya gani, waɗanda ake ji a matsayin zafi, ana kiransu infirared. Bayan shunayya kuma akwai wasu da ido ba ya gani, ana kiransu ultrabayolet. A zamanin Finsen ana kiran shuɗi da shunayya da ultrabayolet da sunan haskoki masu aikin sinadari, domin su ne suke baƙanta takardar hoto.

Kafin shi an riga an gano abubuwa biyu masu muhimmanci. A 1877 Downes da Blunt a Ingila sun nuna cewa hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta. A 1889 Widmark a birnin Stockholm ya nuna cewa ultrabayolet ne yake sa fata ta yi ja ta ƙone a rana, ba zafin ranar ba. Finsen ya ɗora a kan wannan da gwaji a jikinsa. Ya shafa baƙar tawada a wani yanki na hannunsa ya shanya shi a rana: wurin da aka shafa bai ƙone ba, sauran kuwa ya yi ja ya kumbura, daga baya ya yi duhu. Da ya sake shanya hannun ba tare da tawada ba, sai wurin da ya yi duhu ya tsira, farin wurin kuma ya ƙone. Da haka ya fahimci cewa launin fata garkuwa ce da take tare waɗannan haskoki.

Jan haske da cutar agana

Aikinsa na farko da ya ja hankalin likitoci ya shafi agana, cutar da idan mutum ya tsira daga gare ta takan bar masa zanzana a fuska har abada. Finsen ya lura cewa tabon ya fi muni a fuska da hannuwa, wato sassan da haske yake taɓawa. A 1893 ya wallafa ra'ayinsa cewa haskoki masu aikin sinadari su ne suke ƙara fusata ƙurajen har su yi mugunya, don haka ya ba da shawarar a ajiye majinyaci a ɗakin da aka rufe tagoginsa da jan gilashi ko jan labule mai kauri, yadda jan haske kaɗai zai shiga.

Tun a ƙarni na 14 likitan Ingila John na Gaddesden ya rubuta cewa ya naɗe wani ɗan sarki mai agana da jan ƙyalle, amma Finsen ne ya kawo wa al'adar hujja ta kimiyya. An gwada hanyar a garin Bergen na Nowe da wasu wurare, aka ba da rahoton samun sauƙi. Sai dai likitocin da suka sake gwadawa daga baya, musamman a Ingila, ba su ga amfanin da aka faɗa ba, kuma hanyar ta shuɗe. Allurar rigakafi ce ta kawo ƙarshen agana, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana kawar da ita daga doron ƙasa a 1980.

Tarin fuka na fata

Babban aikin Finsen ya shafi cutar da likitoci ke kira lupus vulgaris. Ƙwayar cutar tarin fuka ce take kawo ta, wadda Robert Koch ya gano a 1882, amma a nan fata take kamawa maimakon huhu. Takan fara da ƙananan ƙuraje ja-ja a kumatu ko gefen hanci, sau da yawa tun mutum yana yaro, ta yi shekaru tana yaɗuwa tana cin nama. Ba ta cika kisa da wuri ba, amma takan ɓata kamannin mutum har ya rasa aiki da aure, mutane su riƙa gudunsa. Maganin da ake da shi a lokacin shi ne yankewa, kankarewa da ƙarfe, ko ƙonawa da wuta ko sinadari mai ci. Duk waɗannan suna barin mummunan tabo, kuma cutar takan dawo.

Finsen ya yi tunanin cewa tunda haske yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma wannan ƙwaya tana kusa da saman fata, za a iya kai mata haske mai ƙarfi ba tare da wuƙa ba. A watan Nuwamba na 1895 ya samu izinin yin gwaji a tashar wutar lantarki ta Kwapanhagan. Majinyacinsa na farko wani injiniya ne mai suna Niels Mogensen, wanda ya shafe shekara takwas da cutar a kumatunsa, aka yi masa magunguna iri-iri ba su yi ba. Bayan 'yan watanni ana haska masa wurin kowace rana, gyambon ya warke.

Fitilar Finsen

Rana ba ta samuwa kullum a Denmak, don haka Finsen ya dogara da fitilar lantarki mai sandunan gawayi biyu. Idan wuta ta tsallaka daga wannan sanda zuwa waccan, takan ba da haske mai kashe ido irin wanda ake gani wurin masu walda, kuma yana ɗauke da ultrabayolet mai yawa. Sai da ya warware matsaloli uku kafin wannan haske ya zama magani.

Ta farko ita ce tattara hasken. Ya jera gilasan tattara haske a cikin dogon bututu mai kama da madubin hangen nesa. Da yake gilashi na yau da kullum yana tare yawancin ultrabayolet, sai ya koma amfani da wani dutse garai-garai mai kama da gilashi da ake kira kwaz, wanda yake barinsa ya wuce.

Ta biyu ita ce zafi. Hasken da aka tattara yana ƙona fata nan take, don haka ya sa ruwa a cikin bututun, ruwan ya shanye haskokin zafi ya bar sauran su wuce. A lokacin bazara, idan ana aiki da rana a fili, akan yi amfani da babban gilashi mai ɗauke da shuɗin ruwa domin wannan manufa.

Ta uku ita ce jini. Finsen ya sa takardar hoto a bayan fatar kunnen matarsa, wurin da ake huda 'yan kunne, ya haska ta gaba, takardar ba ta canja ba. Da ya matse wurin tsakanin gilasai biyu har jini ya janye, sai takardar ta yi baƙi cikin ɗan lokaci. Wannan ya nuna masa cewa jini ne yake tare hasken. Sai ya ƙera ɗan faifai na kwaz wanda ruwan sanyi yake gudana a cikinsa, ana danna shi a kan fata, ya kori jini kuma ya sanyaya wurin a lokaci guda.

Aikin yana cin lokaci da haƙuri. A kowane zama ana haska wuri ɗaya ne wanda bai fi girman ƙaramin tsabar kuɗi ba, na kimanin awa guda, ma'aikaciyar jinya tana riƙe da faifan da hannunta ba tare da ta motsa ba. Bayan zaman wurin yakan yi ja ya yi bororo, sannan ya warke. Washegari a koma wuri na gaba, a haka har watanni. Babbar fitila guda tana da bututu huɗu, don haka mutum huɗu ake yi wa aiki a lokaci ɗaya. Abin da ya fi burge likitocin zamanin shi ne irin tabon da yake saura: mai laushi ne, a shafe, ba kamar na wuƙa ko na wuta ba.

Cibiyar Finsen

A 1896 aka kafa cibiyar yin magani da haske a Kwapanhagan, da taimakon hukumar birnin da wasu attajirai masu masana'antu, cikinsu har da G. A. Hagemann da Vilhelm Jørgensen. Ta fara ne a wani ɗan gini na katako a harabar asibitin birnin, sannan a 1901 ta koma babban wuri a unguwar Rosenvænget, da tallafin gwamnati. Majinyata suka riƙa zuwa daga sassan Denmak da ƙasashen waje, yawancinsu talakawa. Zuwa ƙarshen 1901 an yi wa mutum fiye da 800 aiki. Fiye da rabinsu sun warke sarai, da yawa daga cikin sauran kuma sun kusa warkewa ko suna kan magani.

Labarin ya bazu a Turai. Gimbiya Alexandra, 'yar sarkin Denmak wadda ta auri yariman Ingila kuma daga baya ta zama sarauniya, ta ba Asibitin Landan kyautar fitilar Finsen a 1900. Abokin aikinsa Axel Reyn ya taimaka wajen ƙera ƙaramar fitila ta mutum ɗaya, mai sauƙin kuɗi, wadda ƙananan asibitoci suka iya saya. An ba Finsen muƙamin farfesa a 1898.

Kyautar Nobel da rasuwa

A 1903 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci, shi ne na uku da ya same ta bayan Emil von Behring da Ronald Ross. A lokacin jikinsa ya yi tsanani, yana kan keken guragu, bai iya zuwa Stockholm karɓar kyautar ba. Daga cikin kuɗin ya ba cibiyarsa kurona 50,000, ya kuma ba da kurona 60,000 domin gidan jinyar masu ciwon zuciya da hanta.

Har a shekarunsa na ƙarshe bai daina gwaji a kansa ba. Yakan auna abin da ya ci da abin da ya sha, ya kuma gano cewa rage gishiri yana rage taruwar ruwa a jikinsa, ya yi rubutu a kan haka. Ya rasu a Kwapanhagan ranar 24 ga Satumba, 1904, aka binne shi a maƙabartar Vestre da ke birnin.

Abin da ya biyo baya

An ci gaba da amfani da fitilar Finsen kusan shekara hamsin. A shekarun 1940 aka fara maganin tarin fuka na fata da sinadarin bitamin D, sannan magungunan tarin fuka irin su streptomycin da isoniazid suka fito, fitilar ta zama kayan tarihi. Cibiyar ta juya ga binciken cutar daji, daga baya aka haɗe ta da babban asibitin Rigshospitalet. Wani bincike da aka wallafa a Denmak a 2005, bayan an auna tsofaffin kayan aikinsa, ya nuna alamar cewa hasken yana tayar da wani sinadari ne da ke cikin ƙwayar cutar, sinadarin kuma ya kashe ta daga ciki.

Yin magani da haske bai tsaya ba. Ana amfani da ultrabayolet da aka auna wajen wasu cututtukan fata masu daɗewa, ana kuma sa jarirai masu shawara a ƙarƙashin shuɗin haske a asibitoci, har da na Najeriya da Nijar. An kuma gane abin da ba a sani sosai ba a zamaninsa, cewa yawan ultrabayolet yana tsofar da fata yana kawo cutar daji ta fata, haɗarin da ya fi tsanani ga zabiya.

Daga fitilar Finsen zuwa leza

A 1960 Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Amurka, na'urar da take fitar da haske nau'i ɗaya tak a siririn layi. Ba da jimawa ba likitan fata Leon Goldman na birnin Cincinnati ya fara gwada ta a kan fata. A 1964 Kumar Patel ya ƙirƙiro leza mai aiki da iskar kabon-dayoksaid a ɗakunan binciken Bell. Haskenta infirared ne mai tsawon zango nanomita 10,600, wato irin hasken zafin da Finsen yake sa ruwa ya tare. Wannan hali na ruwa shi ne sirrin aikinta: yawancin fata ruwa ne, don haka saman fatar yakan shanye hasken nan take ya ƙafe, zafin bai kai can ciki ba.

A shekarun 1990 aka samu na'urorin da suke sakin hasken a taƙaice ƙwarai, aka fara amfani da su wajen sabunta fatar fuska. Likita yakan cire siririn saman fata, ɗumin da ya ratsa ƙasa kuma ya sa jiki ya saƙa sabon kolajin, sinadarin da yake ba fata ƙarfi da santsi. Da haka ake rage tamoji, tabon ƙurajen fuska da lalacewar da rana ta jawo. A 2004 Dieter Manstein da Rox Anderson da abokan aikinsu a Boston suka fito da hanyar huda ƙananan ɗigo-ɗigo a bar lafiyayyar fata a tsakaninsu, abin da ya rage kwanakin jinya.

Manufar ta bambanta da ta Finsen, domin shi ƙwayar cuta yake kashewa, leza kuwa fata take cirewa don sabuwa ta fito. Amma tambayoyin da ya fara yi su ne likitan leza yake yi a yau: wane haske, me zai shanye shi a cikin fata, nawa ne ya isa, kuma yaya za a hana ƙuna. Darasinsa game da launin fata ma yana nan. Ga masu baƙar fata, aikin leza mai zurfi yana iya barin wurin ya yi duhu fiye da da, ko ya yi fari-fari, ko ya tayar da tabo mai tudu ga wanda jikinsa yake da wannan hali. Saboda haka likitocin fata sukan rage ƙarfin na'urar, su fara gwadawa a ɗan wuri, su kuma hana shiga rana bayan aikin. Tabo mai zurfi, kamar zanzana ko tsagar gado da wanzamai suke yi a fuska a ƙasar Gobir da sauran sassan ƙasar Hausa, leza tana iya rage shi, amma ba ta shafe shi gaba ɗaya.

Tunawa da shi

A 1909 aka kafa wani babban mutum-mutumi na tunawa da shi, aikin Rudolph Tegner, kusa da asibitin Rigshospitalet a Kwapanhagan. Akwai tituna masu sunansa a Kwapanhagan da Tórshavn, an kuma sa wa wani rami a duniyar wata sunansa. Ɗakin binciken cutar daji na Rigshospitalet yana ɗauke da sunan Finsen har yanzu.